Taimin bel na motar gas: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Na tara su wuri ɗaya ne don a daina tare ni da su a bakin gareji. Masu Hilux, direbobin Hiace da ke jigila tsakanin Gombe da Bauchi, masu L200 da ke shiga ƙauye ɗaukar hatsi, kowa da irin tambayar ɗan'uwansa. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba.

Tambaya: Idan ya tsinke ba sai in sa wani ba?

A'a. Injin gas matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, saboda haka tazarar da ke tsakanin fistin da bawul kaɗan ce ƙwarai. Taimin bel ne ke haɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), ya sa bawul ya kauce kafin fistin ya iso sama. Ya tsinke kana tafe, fistin zai daki bawul. Bawul ya lanƙwashe, wani lokaci kamshaf ya karye, wani lokaci tof silinda ya tsage. Daga nan ba maganar bel ake ba, maganar sauke inji ake.

Tambaya: Shi ne fambel?

Ba shi ba ne. Fambel yana waje kana ganinsa. Taimin bel yana cikin murfi, kuma yana da haƙora.

Tambaya: Kowace motar gas tana da shi?

A'a, wasu kaca gare su. Yawancin Mercedes masu gas kaca ne, haka Nissan mai injin YD25, haka Hilux da aka fara fitarwa daga 2015 da injin 1GD ko 2GD. Amma 2L, 3L, 5L, 1KD da 2KD na Toyota duk bel ne. Haka 4D56 na Mitsubishi, da 1.9 TDI na Volkswagen, da 2.0 HDi na Peugeot. Ka san lambar injinka tukuna kafin ka zo muna musu.

Tambaya: Bayan kilomita nawa ake canzawa?

Abin da littafin motarka ya ce. 1KD da 2KD kilomita 150,000 ne. Tsofaffin 2L da 3L 100,000. A 1.9 TDI akwai wanda aka rubuta 60,000, akwai 90,000, akwai 120,000, ya danganta da shekarar injin. Kuma akwai lissafin shekaru, kamfanoni da yawa suna cewa wajen biyar, ko da motar ajiye take a inuwa, domin roba tana bushewa. Wanda ya riga cika, kilomita ko shekaru, shi ake bi.

Direban haya ya yi lissafi da kansa. Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne. Zuwa da dawowa kullum 300 ke nan, a wata ka haura 7,000. Ba ka da wata maganar shekara biyar, Malam.

Tambaya: Na sayi motar Kwatano, mita tana nuna 118,000, dillali ya rantse an canza bel kafin ta taso. Makanikena ya leƙa ya ce lafiya lau. In canza ko in bari?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar tana da rassa, ka yi haƙuri ka bi ni.

Fara da mitar. Kilomita take ƙirgawa ko mil? Motar da ta fito daga Ingila ko Amurka mil take nunawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan 118,000 ɗin mil ne, motarka ta kusa kilomita 190,000. Idan kuma kilomita ne, sai ka tambayi kanka ko ka yarda da lambar. Mayar da mita baya ba sabon abu ba ne a motocin da ake shigowa da su. Dubi feda, dubi sitiyari, dubi kujerar direba. Idan sun cinye, mitar ba ta faɗa maka gaskiya ba.

Sai rantsuwar dillali. Ban ce ƙarya yake ba, mai yiwuwa shi ma haka aka faɗa masa. Abin da zan iya karɓa shi ne shaida: takarda manne a murfin bel ko a cikin bonet mai ɗauke da rana da kilomita, ko littafin sabis mai hatimi. Idan akwai, kuma bai wuce shekara biyu ko uku ba, kana iya jinkirtawa, amma da sharaɗi. A buɗe murfi a tabbatar babu baƙin mai ko gas da ke ɗiga a kan bel, a saurari boris ɗin tanshina (abin da ke ɗame bel ɗin) ko yana kuka. Ko da takardar ta inganta, ba ta gaya maka ko bel kaɗai aka sa aka bar sauran kayan ba. Wanda ke shirin rabuwa da mota bai cika kashe mata kuɗi sosai ba.

Maganar leƙawa kuwa, ido yana iya cewa bel ya lalace, idan an ga tsagewa ko haƙori ya fara ɓanɓarewa ko gefe ya zare. Amma ido ba ya iya cewa yana da kyau. Zaren da ke riƙe da shi a ciki yake, kuma a gindin haƙori yake fara gajiya. Bel kan yi kyan gani da safe ya zubar da haƙora da yamma.

Ka kuma ƙara da inda motar ta zo. Littattafan mota da yawa suna da lissafi na biyu, mafi gajarta, don aiki mai wuya: ƙura, zafi, yawan tsayuwa inji na aiki. Wannan kuwa mu ake nufi. Ƙurar hunturu, zafin bazara da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, laka da ruwan damina a hanyar ƙauye, ga zaman tasha inji a kunne ana jiran fasinja, bel na juyawa mita ba ta ƙirgawa. Shi ya sa ni nake rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga lambar littafi. Wannan ra'ayina ne, wani makaniken zai ce na cika tsoro.

Saboda haka, idan babu takarda, canza kafin ka yi doguwar tafiya. Idan aljihu bai kai ba a wannan watan, kada hankalinka ya tashi, ba lallai ne ya tsinke gobe ba. Ka tsaya cikin gari, ka daina tayar da ita da turi, domin fizgar turi tana sa tsohon bel ya tsallake haƙori. Amma Yola ko Kano a kan bel ɗin da ba ka san tarihinsa ba, ban ba ka shawara ba.

Tambaya: Wutar T-BELT ta kama a Hilux ɗina, yaro ya kashe min ita. Shi ke nan?

Haba Alhaji. Wutar ba ta ganin bel, kilomita kawai take ƙirgawa. An kashe ta, tsohon bel yana nan inda yake.

Tambaya: Bel kaɗai zan saya?

Kullum sai an yi wannan rigimar. Tanshina da fule ɗin da bel ke bi ta kai tare suka tsufa da shi. Boris ɗaya ya cije, sabon bel ɗinka ya tafi. Sayi saiti gaba ɗaya. Inda bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, kamar HDi da yawancin TDI, a canza famfon ma, musamman ku da ba ku zuba wa lagireto komai sai ruwan rijiya, tsatsa ta riga ta ci shi. A 2KD fambel ne ke juya famfon, wannan lissafinsa daban. Mai 4D56 ya sani bel biyu ne a ciki, akwai ƙarami na balansa, kuma idan ƙaramin ya tsinke yana iya shiga ƙarƙashin babban ya kayar da shi. Oyil sil da ke tsatsafo a canza shi tun ana wurin.

Tambaya: Wane kamfani?

Na Toyota gangariya, ko Gates, Continental, Dayco, Mitsuboshi. Tanshina INA ko SKF. Jabu ya yi yawa kuma kwalinsa ya fi na gaske ƙyalli, don haka sayi wurin wanda za ka iya komawa ka same shi. A gwada sabo da tsoho, faɗi da yawan haƙora. Na gwanjo kuwa kada ma ka tambaye ni.

Tambaya: Nawa ne?

Je ka kasuwa. Farashin safe ba shi ne na yamma ba.

Tambaya: An canza, yanzu tana wuyar tashi tana hayaƙi.

An kuskure saiti, wataƙila da haƙori ɗaya. Mayar da ita yau. Ka tsaya a kai a daidaita maki, wato alamomin saiti da ke jikin inji, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu a ga maki ya dawo daidai kafin a taɓa makulli. Sannan ka tabbatar an mayar da murfi an ɗaure duka notinansa, don tsakuwa ɗaya ta isa. Ka sa a rubuta rana da kilomita a cikin bonet.

Tambaya: Ina tafe inji ya mutu haka kawai, ina zargin bel ne.

Kada ka sake murɗa makulli, kada a tura. Kowane juyi ƙarin ɓarna ne. A ja ta zuwa gareji.