Yara Nawa Ne a Gidan Nan?

Ba zan iya tuna ƙofar gida nawa na tsaya na yi wannan tambayar ba a shekarun da na yi ina aikin rigakafi, amma na san tana yi wa mutane nauyi. Wata tsohuwa ta taɓa tare ni a tsakar gida, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, ke a gidanku ba a faɗa miki ba a ƙirga 'ya'ya ba? Kyautar Allah ce, ba awaki ba." Uwa kuwa, saboda alkunya, sai ta lissafo miki yaranta ta tsallake ɗan fari. Maigida shi ma da nasa zargin: ko haraji za a sa, ko wata dabara ce ta ƙayyade iyali. Ban ga laifin kowa ba, domin mu ma'aikata ne muke tambaya mu rubuta mu wuce, ba ma tsayawa mu faɗi inda lambar take zuwa da abin da ake yi da ita. Shi nake so in yi bayani yau.

Bari in fara da ƙyanda, tunda babu gidan da bai san ta ba. Masana sun auna sun gano cewa idan yaro ɗaya mai ƙyanda ya shiga cikin jama'ar da ba su da kariya, yakan harbi mutum 12 zuwa 18. Cututtuka kaɗan ne suke da irin wannan saurin. Mu ɗauki 15. Ɗaya ya ba 15, kowane cikin 15 ɗin ya ba wasu 15, sun zama 225, kuma duka wannan a cikin 'yan makonni. Kamar wutar daji ce a busasshiyar ciyawa lokacin hunturu. Manomi ya san ba ya bin wuta da bokiti. Share gefen rumbu yake yi tun kafin ta zo, yadda in ta iso ba za ta sami abin ci ba. Haka lissafin rigakafi yake. In ana so cutar ta mutu da kanta, dole kowane mai ƙyanda ya kasa harbin ko da mutum ɗaya cikakke, wato cikin 15 ɗin nan da zai haɗu da su, 14 su kasance suna da kariya. In aka mayar da 14 cikin 15 zuwa kashi cikin ɗari, ya haura 93. Daga nan aka samo kashi 95 cikin 100 da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a yi wa allurar ƙyanda sau biyu. Ba son ran wani ba ne, lissafi ne ya kai can.

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda iyaye da yawa ba su sani ba. Allurar farko da ake yi a wata tara ba ta kama kowane yaro. Kusan 85 cikin 100 take kamawa, domin wasu jariran har lokacin da sauran kariyar da suka samo daga uwa a jininsu, ita kuma takan hana allurar aiki sosai. A ce a wata mazaɓa ana haifar yara 1,000 a shekara, aka yi wa 800 allura. A takarda wannan ƙoƙari ne, har a yaba. Amma cikin 800 ɗin, 680 ne kawai allurar ta kama. Saura 120, a haɗa da 200 da ba a kawo ba, sun zama 320 a buɗe. Baɗi wasu 320, baɗin baɗaɗa wasu. Shekara uku, yara 960 sun taru, ciyawa ta bushe ke nan, jira kawai take baƙo ɗaya ya sauka da zazzaɓi da jan ido. Shi ya sa za ku ga ƙyanda ta yi shiru shekara biyu ko uku har a manta da ita, sai ta tashi da bazara ta bi gida-gida, ta bar wasu da makanta, wasu da ciwon haƙarƙari, wasu da gudawa da ramar da ba sa tashi daga ita. Allura ta biyu a wata 15 an sa ta ne don waɗancan 120 ɗin, kuma tana kama mafi yawansu. Uwar da ta ce "ai an yi masa ta ƙyanda" ta zauna a gida, ba ta da yadda za ta san ko ɗanta yana cikin 680 ko yana cikin 120. Ni ma da nake riƙe da sirinjin ban sani ba.

To amma kashi 95 cikin 100 na yara nawa? Nan ne tambayar ƙofar gida take shigowa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta ne a 2006. Tun daga lokacin, abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin wancan lokaci a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara, sannan a ce kashi 4 cikin 100 na jama'a su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 kuma 'yan ƙasa da shekara biyar. Da wannan ƙiyasin ake turo mana magani, da shi ake auna aikinmu. Sai dai ƙiyasi bai san an buɗe sabuwar unguwa a bayan gari ba, bai san mutanen ƙauyuka uku sun gudo saboda rashin tsaro sun sauka a makarantar firamare ba, bai san makiyaya sun yada zango ba. Akwai shekarar da rahoton asibitin da nake aiki ya nuna mun wuce 100 bisa 100 a allurar ƙyanda. Muka yi ta murna. Ba a daɗe ba aka fara kawo mana yara da ƙuraje daga wata ruga da ba ta cikin jerin garuruwanmu sam. Da ma wucewa ɗari ɗin nan gargaɗi ne cewa adadin da muke rabawa da shi ya yi kaɗan, amma ba mu karanta shi haka ba. Har yau in na tuna yaran rugar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Irin wannan ramin ne ya daɗe yana cinye yaƙi da shan inna. A 2012 Najeriya ta sami yara 122 da ainihin ƙwayar shan inna ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya a shekarar, kuma kusan dukansu a Arewa. Zagaye ake yi ba fashi, ana ɗiga magani, amma cutar ta ƙi ƙarewa. Da aka zauna aka duba, sai aka ga taswirar da tawagogi suke bi da hannu aka zana ta, da biro a kan takarda, daga abin da mai zanen ya tuna. Garin da bai tuna ba, babu shi. Unguwar da ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare yana zaton na ɗayan ce. Daga wajajen shekarar aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, Kano na gaba-gaba, ana bin hoton ana sa alama a kan kowane rukunin gidaje, sannan a tura mutane da ƙafa su je su tambayo sunan wurin daga bakin masu shi. Aka kuma ba tawagogi wayoyi su sa a jaka, wayar tana rubuta inda suke bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a ɗora sawun a kan taswira a kwamfuta, duk inda ba a taka ba ya fito fili, washegari a koma. Da farko mu ma'aikata mun ji haushin wayar nan, mun ɗauka an sa mana ɗan sanda a jaka. Daga baya muka ga amfaninta ta wani ɓangaren: ita ta nuna wa na sama cewa wata tawagar an ɗora mata tafiyar da ba ta yiwuwa a yini ɗaya, aka sake raba aikin.

A 2013 adadin yaran da shan inna ta kama ya sauko 53, a 2014 ya koma 6. Na ƙarshe an same su a Borno a 2016, a wuraren da rikici ya hana shiga, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Ba na cewa taswira ce kaɗai ta yi wannan aiki. Sarakuna da malamai da matan unguwa masu wayar da kai su suka buɗe ƙofofin da ke rufe. Taswira ta nuna musu ne inda ƙofofin suke. Kuma har yanzu akwai wani nau'in ƙwayar da ke yawo a inda rigakafi ya yi rauni, shi ya sa kuke ganinmu muna dawowa da ɗigon.

Bayan kowane zagaye wasu baƙin fuska sukan zo su duba ƙaramin yatsan yara su ga ko da tawada. Mutane sukan ce, yara 60 kacal za a duba a ƙaramar hukuma guda a yanke hukunci? Mai miya ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya isa, muddin ta juya miyar da kyau. Juyawar a nan ita ce zaɓen wurare shida ta hanyar ƙuri'a, ba wuraren da jami'i yake so a gani ba, a duba yara goma a kowanne. In waɗanda ba su da tawada sun wuce uku, zagayen bai kai yadda ake so ba.

Sanƙarau kuwa nasa lissafin na gudu ne, mako-mako. A 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Manyanmu a Kano da Katsina da Bauchi ba su manta ba. A ƙarshen 2016 wani nau'insa ya ɓulla a Zamfara, ya bazu Sakkwato da maƙwabta, kafin ya lafa a 2017 ya ci rayuka fiye da 1,100, kuma an daɗe kafin a gane girmansa. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen da sanƙarau ke addaba, daga Sanagal har Habasha, mai sauƙi ce. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka sami mutum 3 cikin kowane 100,000 da ake zargi a mako ɗaya, a tashi tsaye, a fara bincike, a ɗebi ruwan baya a kai gwaji. In suka kai 10, annoba ce, a nemi allura. A ƙaramin wuri, mutum biyu a mako ɗaya sun isa a buga ƙararrawa. Ku duba ƙanƙantar lambobin nan. Yaro ɗaya da wuyansa ya sanƙare aka ɓoye shi a ɗaki ana shafa masa magani, wani ɗaya da aka binne ba a sanar da kowa ba, sun isa su sa gari ya zauna a ƙasa da layin a takarda alhali a zahiri ya haye. Makon da aka rasa ta haka ba ya dawowa.

Ina da magana da 'yan'uwana ma'aikata. Na san gajiyar aikin nan, na san rana, na san alawus ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci. Amma wanda ya zauna a gindin bishiya ya cike takardar ƙirga da layuka, ko ya rubuta "babu" a rahoton mako ba tare da ya buɗe rajista ba, ya sani cewa lambarsa ba a nan take tsayawa ba. Tana shiga kwamfuta ta tafi ƙaramar hukuma, ta tafi jiha, ta kai Abuja, da ita za a yanke kwalba nawa za a turo da inda za a kai motar. Kwamfuta ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take ninkawa ta raba. Haka nan maganar kwalbar ƙyanda mai ɗaukar yara goma, wadda dole a zubar bayan awa shida da haɗa ta: kada tsoron asara ya sa mu ce wa uwar da ta yi tafiyar awa biyu da goyo ta dawo wani mako don yara ba su cika goma ba. Tun wurin ƙiyasin magani an ware kason asara. An lissafa da zubarwar. Abin da ba a iya lissafawa shi ne ko uwar za ta dawo.

Ga masu ganin duk wannan ƙirge-ƙirge baƙon abu ne da boko ya kawo, ku tuna malamin da ake kira in an yi rasuwa ya raba gado. Kafin ya fitar da tumuni ko sudusi, tambayarsa ta farko ita ce magada nawa ne, maza nawa mata nawa, kuma ba wanda yake ɓoye masa ɗa, don an san wanda ba a ambata ba zai tashi ba rabo. Malam Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajajen shekara ta 820, kaso mai yawa na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ya yi shi.

Da wannan misalin na gado na amsa wa tsohuwar nan. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai bakinta ba zai ƙirga jikokinta ba. Na ce, "To Inna, ba sai kin faɗa ba." Ta jawo ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa, ta riƙa ajiye ƙwaya ɗaya-ɗaya a kan tabarma tana motsa leɓe, ni kuma na ƙirga gyaɗar. Tara ne. A takardata bakwai aka rubuta wa gidan.

Don haka in mun zo, a faɗa mana har da jaririn da ba a yi suna ba, da ɗan riƙo, da yaron baƙuwar da ta zo wankan gida. Wanda alkunya ta hana, ya sa kishiya ko kaka ta faɗa. Mai unguwa da ardo su riƙe littafi, unguwarzoma da wanzami da liman su riƙa sanar da su duk haihuwar da aka yi. In sabbin mutane sun sauka a gefen gari, a turo yaro asibiti ya gaya mana, za mu sa su a jeri. A adana katin rigakafi a cikin leda, a duba ranar allurar wata 15. Wanda kuma ya ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko ƙuraje da jan ido, ya kawo mara lafiyar a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.