Kafin ka sa hannu a takardar likita, duba wutsiyar kalmar

Salamu alaikum 'yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da duk inda namu yake a Legas. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke shiga ɗakin likita ana zuba musu Turanci da Yarbanci da broka su kuma sai gyaɗa kai, a fito waje a miƙo min kati, "Anti me ya rubuta a nan?" To dogayen sunayen nan yawancinsu ba ma Turanci ba ne, daga Girkanci da Latin aka ɗebo su, Bature ma sai an koya masa. Kuma haɗi ne kawai, kalma tana da kai da gangar jiki da wutsiya, gangar jikin ta faɗi wane sashe na jikinka ake nufi, wutsiya ta faɗi me ya same shi ko me za a yi masa.

Duk inda ka ga kalma ta ƙare da itis, kumburi ne. Hepat hanta ce, shi ya sa hepatitis ciwon hanta, A ko B ko C ɗin da ke biye kuma nau'in ƙwayar cutar ne. Gastr tumbi, arthr gaɓa, nephr ƙoda. Sanƙarau ɗin da muka sani lokacin zafi a Arewa shi ne meningitis, wato kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

A farkon kalma kuwa, wato kanta, akwai biyu da nake so kowa ya haddace, hyper da hypo. Hyper ya yi yawa, hypo ya yi ƙasa. Hypertension hawan jini ke nan, daga 140/90 abin da ya yi sama. Mai ciwon suga a wannan wajen sai ya buɗe ido sosai, don hyperglycemia suga ne ya hau, hypoglycemia kuma faɗuwa ya yi, mutum ya sha magani bai karya ba ya shiga cunkoson mota sai gumi da karkarwa da jiri, wannan mutumin abu mai zaƙi yake buƙata nan take in dai yana iya haɗiya, ba ƙarin ƙwaya ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne tiyata. Oscopy leƙawa ce da na'ura, yawanci babu abin da za a ɗauke maka sai dai wani lokacin ɗan tsoka don gwaji. Amma ectomy cirewa ce. Mace mai ƙarin mahaifa, wanda ake ce wa faibroid, in aka rubuta myomectomy ƙarin kawai za a cire a bar mata mahaifarta, in kuwa hysterectomy ne mahaifar ce gaba ɗaya za ta tafi, babu sauran haihuwa babu al'ada. Wani lokacin dole ce, ceton rai ne, ban ce a ƙi ba. Amma wallahi bai dace maigida ya rattaba hannu yana sauri zai koma kasuwa, ita kuma Hajiya ta dangwala yatsa ba ta san wanne ne a ciki ba. Ku ce a yi muku bayani da yaren da kuke ji, haƙƙinku ne, ko LUTH ne ko LASUTH ko ƙaramin asibitin unguwa, in babu mai Hausa a wajen ku zo da wanda kuka yarda da shi ya yi tafinta.

Sai ƙananan rubutun takardar magani. Bd sau biyu a rana, tds sau uku, ana so a raba kamar awa 8 tsakani, nocte da dare. In ka ga 5/7 kwana biyar ake nufi, 2/52 sati biyu, 1/12 wata ɗaya. Sannan dan Allah in takardar gwaji ta ce positive kada a yi ta murna wai abu ya yi kyau, abin da aka nema ne aka samu a gwajin, a koma da ita wajen wanda ya rubuta gwajin tun kafin a biya ta kemis.