Burin bana: kada ka ajiye maganin hawan jini don ka ji sauƙi

Tun da Janairu ya kama nake jin mutane suna lissafa abin da za su yi a bana. A bencin jira na ƙaramin asibitinmu ma hirar ke nan. Wannan zai aza harsashin gini a filinsa na unguwar Rikkos a nan Jos, waccan za ta shiga adashe ta sayi keken ɗinki, wani matashi kuma ya rantse sai ya rage tumbi, har ya sayo takalmin gudu a kasuwar Taminus. Allah Ya cika wa kowa burinsa. Ni roƙona ɗaya ne, kuma bakina ya gaji da maimaita shi ga mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. In an ɗora ka a kan maganin hawan jini, kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi.

Makon jiya aka kawo mana wani dattijo a Keke Napep, 'ya'yansa biyu na tallafe da shi. Da asuba ya fito zai yi alwala, buta ta suɓuce masa daga hannun dama. Ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta harɗe. Na san shi sarai, ni na yanka masa katin asibiti shekara biyu da suka wuce. Na ɗaura masa abin awon jini, lambar sama ta haura 200. Na dubi babban ɗan na ce, "Ina maganin Baba?" Ya zaro wata baƙar leda daga aljihun riga. Kati huɗu na amlodipine, maganin hawan jini, uku ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba, na huɗun an sha rabi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malama, tun bayan Babbar Sallah ya ce ya warke." Muka tura su babban asibiti a guje. Yana nan da ransa, alhamdulillahi, amma hannun da ya shekara talatin yana auna wa mutane hatsi da shi, yanzu sai an ɗaga masa.

"Na warke." Babu kalmar da ke ɓata min rai a aikin nan kamar wannan. Hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, da za ka sha magani kwana uku ka miƙe. Mu mutanen Jos ai mun san gangare. In mota ta tsaya a gangare, yaron mota ya sa wa tayarta dutse, ta tsaya cak, wa zai ce gangaren ya tafi a cire dutsen? Sauƙin da kake ji, dutsen ne ke riƙe da motar. Ranar da ka ajiye ƙwayar nan, jinin zai koma inda yake, kuma ba zai yi maka sallama ba.

Wasu sukan ce min, "Ni in jinina ya hau ina sani, ƙeyata ke sarawa, sai in sha." Haba Alhaji! Da ƙeya na faɗar gaskiya, da ba mu sayi na'urar awo ba. Na sha auna mutum yana zaune yana min barkwanci, awonsa 180 bisa 110. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Awo ne kaɗai ke faɗa. In ana samun ka a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, magana ta ƙare, ko kanka na ciwo ko ba ya ciwo.

Na san akwai maganar kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Ni ma a kasuwar nan nake cefane. Na ga uwar da ta tsaya a gaban kemis tana juya kuɗin hannunta, tana lissafi tsakanin maganinta da kuɗin makarantar yaro, ta zaɓi yaron. Inna, ban ga laifinki ba. Laifinki ɗaya, da kika yi shiru. Ku faɗa mana. Sau da yawa maganin nan ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta, akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki daidai. Akwai kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ku je ku tambayi yadda ake shiga. Abin da ba na so shi ne dabarar nan ta shan ƙwaya yau, a tsallake gobe da jibi don kati ya kai ƙarshen wata. Ku tambayi gidan da ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai zuwa wankin ƙoda, nawa suke kashewa a mako, sannan ku dawo mu yi maganar tsadar kati ɗaya.

Akwai kuma masu ajiyewa saboda maganin ya dame su. Wannan uzuri ne na gaskiya. Amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril kan sa busasshen tari mai hana barci. Wani maganin yana sa yawan fitsari, direban da zai kama hanyar Bauci ba ya son sa. Maza kuma akwai abin da sai sun leƙa ƙofa, sun rage murya, sannan su faɗa, wasu ma ba sa faɗa sam, sai dai su jefa maganin bayan katifa. Malam, maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne. Ka zo a canza maka. In kana jin nauyina, akwai abokin aikina namiji. Ke kuma mai juna biyu ko mai shirin ɗauka, ki sanar da mu da wuri, don akwai irin su lisinopril da ba a sha da ciki, sai a mayar da ke kan wanda ya dace. A canza, ba a ajiye ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai ajiyewa saboda an ce. An ce maganin asibiti in ka saba da shi ba ka rabuwa da shi. An ce yana kashe ƙoda. Wa ya ce? Maƙwabciya, ko mai motar nan da lasifika da ke sayar da gora ɗaya mai maganin basir da sanyi da hawan jini da ciwon suga gaba ɗaya? Jinin da aka bari ya yi ta hawa shi ke cinye ƙoda a hankali, shi ke taɓa ido da zuciya. Zoɓo da tafarnuwa da zogale, ku sha ku ci, abinci ne mai kyau, ni ma ina kwaɗon zogale a gidana. Amma ba su maye gurbin ƙwayar da aka rubuta maka. Addu'a kuwa a yi ta yi, a masallaci da coci, ana yi ana haɗiyar maganin.

Ga sanyin garin nan kuma. Daga Disamba zuwa Janairu jini kan ɗan ƙara hawa saboda sanyi, a lokacin ne kuma gwiwoyin tsofaffi ke tashi, sai a aiki yaro kemis ya karɓo maganin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a yi ta sha safe da yamma. Waɗannan suna ƙara tura jini sama. Wato an ajiye mai saukarwa, an ɗauki mai hawarwa.

To tunda lokacin ƙulla buri ne, bari in ce wani abu. "Bana zan kula da lafiyata" ba buri ba ne, fata ne, kafin Fabrairu ya bi iska. Buri shi ne wanda ke da lokaci da wuri, wanda da daddare za ka iya cewa na yi ko ban yi ba. Wata Hajiya da ke zuwa wurina ta ɗaure katin maganinta da roba a jikin filas ɗin shayinta. Ba ta zuba shayin safe sai ta ɓalli ƙwaya. Shekara uku ke nan awonta bai ba ni tsoro ba. Ba ta sayi takalmin gudu ba.

Ga irin burin da nake nufi a gurguje, mutane na jira na a waje:

Ka haɗa maganin da abin da ba ka fashinsa, sallar asuba ko karin kumallo.

Kalandar nan da aka raba maka kyauta, ka riƙa soke ranar da ka sha.

Ka sayi sabo tun saura ƙwaya bakwai, ba sai ya ƙare ba. In za ka yi tafiya, ya riga kaya shiga jaka.

Awo sau ɗaya a wata, a rubuta a takarda ɗaya.

Gishiri kada ya kai ƙaramin cokalin shayi a yini, wato ƙasa da giram 5, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yana cikin lissafin.

Tafiya da ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako.

In azumi ya gabato, ka zo a gyara maka lokacin sha.

In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, ko asibitin ƙwararru na jiha nan take. Ba a tsayawa shafa man zafi, ba a ɗura wa mutum komai a baki.

Ku kuma 'ya'ya, ku daina tambayar "Baba ka sha magani?" daga bakin ƙofa. Zai ce ya sha. Ku shiga ku ɗauki katin ku duba da idonku. Duk wanda zai zo wurina a watan nan, ya zo min da ledar maganinsa gaba ɗaya, har da katunan da suka ƙare. Zan ƙirga.