Odar "a dakata" a rikicin fili: abin da take tsarewa da wanda take kamawa

In rikicin fili ya kai kotu, abu na farko da lauya ke roƙo shi ne oda ta wucin gadi: alƙali ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada a ci gaba da gini, kada a sayar, kada a toshe hanya, har a gama shari'a. Jama'a kan ɗauki wannan takarda kamar hukunci, har a shiga yi wa juna barka. Alhali alƙali bai ce filin na wane ba ne. Ya tsare wurin ne don kada ranar yanke hukunci a tarar da bene a inda ake gardama.

Odar iri biyu ce. Akwai wadda ake bayarwa tun ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, saboda tsananin gaggawa, misali tifa ta sauke yashi da bulo cikin dare, magina kuma za su fara aiki da asuba. Wannan ba ta daɗewa. A Babbar Kotun Legas kwana 7 take yi sai in an sabunta ta. Ta biyu sai an aika sammaci an saurari kowa, ita ce ke iya zama har ƙarshen shari'a.

Kotun Ƙoli ta fayyace sharuɗɗan a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989. Mai nema zai nuna a takardar rantsuwa cewa yana da haƙƙin da ya cancanci a saurara, cewa ɓarnar da za a yi masa kuɗi ba za su gyara ta ba, kuma in an auna, shi ne zai fi cutuwa idan aka hana odar. Zai kuma ɗauki alkawarin biyan diyya in daga baya ta bayyana bai kamata a ba shi ba. Wannan alkawari mutane ke raina wa, ga shi kuwa yana iya cin gida: ka tsayar da ginin mutum shekara biyu, siminti ya yi tsada, sannan ka faɗi shari'a.

Inda maganar ta fi zafi shi ne filin da wani ya daɗe a ciki. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi, ana kiran wannan hauzi. Wanda ba dangi ba ya riƙe gona ko fuloti shekara 10, yana noma ko gini, mai shi yana gari yana gani, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ba za a saurare ta ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo nesa, saboda kunya da zumunci kan sa a yi shiru. Aro, haya, jingina da amana ba sa zama hauzi komai daɗewarsu, don haka kowace irin wannan shari'a takan koma kan tambaya ɗaya: ta yaya ya shiga filin? A Babbar Kotu kuma dokar ƙayyade wa'adin ƙara ce ke aiki, kowace jiha da tata. Ta Legas shekara 12 ce.

Shirun nan sau biyu yake cutar da mai fili. Yana ƙarfafa hujjar wanda ke ciki, yana kuma kashe roƙon oda, domin alƙali zai tambaya: ina gaggawar, bayan kana kallo aka aza harsashi aka kai linta? Kotu ba ta hana abin da aka riga aka gama. Kuma tun da manufar odar ita ce a bar abubuwa yadda suke, sau da yawa wanda ke zaune a wurin shi take ba inuwa. Abin yana ba ni takaici musamman ga marayu da mata masu gado, waɗanda kawaici ke hana su tunkarar kawu ko baffa.

Batun hanya ma haka yake. In maƙwabci ya fara jan katanga zai rufe lungun da ake bi shekara da shekaru, a garzaya tun bulo bai wuce gwiwa ba, da hotuna masu kwanan wata, da taswirar safiyo, da dattawan unguwa da suka san hanyar. Hana shi ci gaba abu ne mai yiwuwa. Sa shi ya rushe kafin a gama shari'a yana da wuya, sai fa in an nuna ya yi rige-rigen gini ne bayan ya san an kai ƙara.

Kada kuma wani ya ɗauki gatari ya rushe da kansa. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986, Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnati kanta saboda ta fitar da shi daga gidan Ikoyi da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Wanda ya karya oda kuwa, ana kai masa Fom 48 na gargaɗi, in ya ƙi ji a biyo da Fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da ba za a tura shi gidan yari ba saboda raina kotu.