Shin sai da intanet malami zai koyar da fasahar zamani?

An daɗe ana cewa koyarwa da fasahar zamani sai makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, da wutar lantarki, da intanet ba yankewa. Ba laifin masu wannan tunani ba ne, irin hotunan da aka saba nuna mana ke nan.

Amma tun a shekarun 1970 an taɓa koyar da 'yan firamare lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaraguwa, malami na tsaye a aji yana jagorantar amsa. Wayar da ke aljihun malami yau kuwa ta fi wannan rediyo nesa ba kusa ba. Bidiyon zagayawar jini a jiki, in an sauke shi sau ɗaya, ya zauna a memori ke nan, ana iya tura wa abokin aiki ta Bluetooth ba a taɓa data ba. Manhajar Kiwix ma tana buɗe Wikipedia babu intanet, muddin an riga an sauke kundin. Matsalar gaske ita ce caji da ƙanƙantar allon waya, shi ya sa ya fi kyau a kasa yara rukuni-rukuni.

Gwadawa ba wuya. Ku kashe data, ku buɗe manhajar, ku ga abin da ke aiki. Kafin ku yi rajistar wani horo kuma, ku tambaya ko ana iya sauke darussan a karanta daga baya.

Don Allah a tura wa sauran malamai wannan bayani.