Allurar Hana Jini Daskarewa da Ƙwayoyin Bakteriya

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja a Legas ya ga yadda jini ke fita ta siririn bututu, ya ratsa na'ura, ya koma jiki ba tare da ya yi gudaji ba. Abin da ke hana shi daskarewa shi ne heparin, wanda asalinsa wani nau'in sukari ne mai doguwar sarƙa. Ba irin na shayi ba ne, saboda haka mai ciwon sukari kada ya tsorata da sunan.

Tun 1916 aka gano shi a Amurka, amma har yau mafi yawansa daga hanjin alade ake tatso shi, galibi a ƙasar Sin. Wannan na damun jama'armu a Agege da Mile 12, kuma damuwar tana da tushe. Akwai kuma matsalar tsabta, domin a 2008 gurɓataccen heparin ya hallaka marasa lafiya da dama a Amurka.

Shi ya sa masana suka koma ga bakteriya. Wani nau'in bakteriyar E. coli da ake kira K5 yana lulluɓe jikinsa da sukarin heparosan, wanda sarƙarsa ta yi kama da ta heparin. Ana kiwon ƙwayoyin a cikin manyan tankuna, a kwashe sukarin, sannan a sa enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta sauyin wasu sinadarai, su ɗora masa wani sinadari mai suna salfet a daidai guraben da suka dace, domin ya koma heparin. Su kansu enzayim ɗin, wasu bakteriyar da aka sauya wa ƙwayoyin gado ne ke samar da su. Hanyar ba mafarki ba ce, domin sinadarin hayaluronik da ake amfani da shi a tiyatar ido, wanda a da ake cirowa daga zankon zakara, yanzu galibinsa bakteriya ke yi.

Sai dai heparin na bakteriya bai iso asibitocinmu ba tukuna. Kafin ya iso, ina roƙon 'yan'uwa kada wanda ya ƙi allurar nan a ɓoye ko ya tsallake ranar wankin ƙoda, domin gudajin jini na iya kisa cikin sa'o'i. Mai shakka ya tambayi likita ko akwai madadin da ya dace da ciwonsa, ya kuma nemi bayanin malamai a kan hukuncin lalura.