Littattafan masu tara lambobin tunawa da George Washington

Waɗannan littattafai ne da masu tara tsofaffin lambobin yabo suke dubawa don gane lambobin da aka buga da fuskar George Washington, shugaban Amurka na farko. Lambobin kamar kwabo suke, na zinare ko azurfa ko tagulla, amma ba kuɗin kashewa bane, na tunawa ne kawai, kuma suna da yawa sosai har sai da aka yi musu kundi.

Tun 1861 James Ross Snowden, shugaban gidan buga kuɗin Amurka, ya fitar da littafi akansu. Amma wanda ya zama uban tafiya shine na William Spohn Baker mai suna Medallic Portraits of Washington, da ya fito a Philadelphia a 1885. Baker ya jera guda 651, kowacce ya bata namba, kuma nambar nan ce ta zama yaren kasuwar, dan a wajen gwanjo ba mai tsayawa dogon bayani, sai dai kaji an ce Baker 47 kowa ya gane.

Baker 47 ɗin itace wadda majalisar Amurka ta lokacin ta amince a yiwa Washington a watan Maris 1776 bayan ya kori sojojin Ingila daga Boston, sai dai ba'a buga ta ba sai bayan shekara goma da ɗoriya, a Paris, aikin hannun wani Bafaranshe mai zana lambobi, Duvivier. Ta zinaren da aka ba Washington tana ɗakin karatun jama'a na Boston. To anan littafin yake amfani, saboda an yi ta sake buga ta a Faransa da Amurka shekara da shekaru, wanda bai san bugun farko da bugun baya ba sai ya zuba kuɗi akan abinda bai kai ba. Mai saye yakan juya gefenta ya nemi alamar da gidan bugun Paris yake sawa a bugun baya.

Akwai kuma ƙananan na makoki da wani Ba'amurke mai zana lambobi, Jacob Perkins, ya yi bayan rasuwar Washington a Disamba 1799, yawancinsu da huji a sama, dan ratayawa aka yi su.

Russell Rulau da George Fuld sun sabunta aikin Baker a 1985, suka ƙara na baya-baya. A 2016 Neil Musante ya fitar da Medallic Washington, juzu'i biyu, da sababbin nambobi masu farawa da GW, shi yasa yanzu takardar gwanjo takan kawo nambar Musante da ta Baker tare.